Sulhun Talakawa a Tsakanin Yahudawan Isra'ila da Falasɗinawa

In aka ambaci sulhu tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa, abin da kan fara faɗo wa mutum a rai shi ne hoton nan na ran 13 ga Satumba 1993, inda Yizak Rabin da Yasir Arafat suka yi musafaha a farfajiyar fadar shugaban Amurka. Wannan sulhun sarakuna ne, kuma kowa ya san inda ya ƙare. An harbe Rabin cikin Nuwamba 1995, aka sake tayar da bore a shekarar 2000, yarjejeniyar Oslo ta zama takarda kawai. Makasudin wannan 'yar maƙala shi ne a duba wani irin sulhu dabam wanda ba a cika jin labarinsa ba, watau wanda talakawan ɓangarorin biyu suke ƙullawa da kansu, ba da makami ba, ba kuma da izinin wata gwamnati ba. Za mu ga yadda yake gudana, da abin da ya iya, da kuma inda ƙarfinsa ya tsaya.

Ya kamata mu fara da ita kanta kalmar. Sulhu aro ce daga Larabci, kuma a ƙauyukan Falasɗinu har da Galili tana da cikakkiyar al'ada da suke kira sulha. In aka yi kisa tsakanin dangi biyu, dattawa masu mutunci, waɗanda ake kira jaha, su kan shiga tsakani. Da farko a ɗauki alkawarin tsagaita faɗa na ɗan lokaci, sa'an nan a daidaita kan diyya, daga bisani a taru a bainar jama'a a yi musafaha, a sha gahawa, a ci abinci tare. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba. Sai dai mai karatu ya lura da sharuɗɗa biyu da wannan al'ada ta tsaya a kansu: dole mai laifi ya amsa laifinsa, dole kuma a sami wanda ɓangarorin biyu suke jin nauyinsa. Tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa duka biyun babu. Kusan duk abin da za mu bayyana a ƙasa ƙoƙari ne na yin sulhu a inda babu dattijon da zai tsawata.

Iyayen da aka kashe wa 'ya'ya

Cikin Yuli 1994 'yan Hamas suka sace wani sojan Isra'ila ɗan shekara 19 mai suna Arik Frankenthal, suka kashe shi. Mahaifinsa Yizak, Bayahude ne mai riƙo da addini, kuma ɗan kasuwa. A lokacin masu adawa da yarjejeniyar Oslo suna yawan kafa hujja da iyayen mamata, suna cewa jinin 'ya'yansu ya hana a yi sulhu. Shi kuwa sai ya bi iyayen gida-gida da wasiƙu yana neman waɗanda ra'ayinsu ya zo daidai da nasa, cewa rashin sulhun ne ya kashe yaran. A 1995 suka kafa ƙungiya, wadda duniya ta fi sani da sunan Parents Circle. A 1998 suka fara ganawa da iyalan Falasɗinawa na Gaza waɗanda su ma aka kashe musu 'ya'ya, kuma a hankali ƙungiyar ta zama ta haɗin gwiwa, da shugabanni biyu da ofisoshi biyu. Iyalan da suka shiga sun haura 600. Sharaɗin shiga ɗaya ne, kuma ba wanda yake fatan ya cika shi.

Labarin mutum biyu daga cikinsu ya isa ya nuna irin mutanen da ake magana a kai. Rami Elhanan Bayahude ne ɗan Ƙudus, ya yi yaƙin 1973, mahaifinsa kuwa yana cikin waɗanda suka tsira daga sansanin Aushwiz. Ran 4 ga Satumba 1997 'yarsa Smadar, wadda ta kusa cika shekara 14, ta fita sayen littattafan makaranta a titin Ben Yehuda, 'yan ƙunar baƙin wake suka tayar da bam, ta mutu. Bassam Aramin kuwa Bafalasɗine ne daga yankin Halil. An ɗaure shi yana da shekara 17 saboda shi da abokansa sun jefa wa motar soja gurneti, ya yi shekara 7 a kurkuku. A can ne aka nuna musu sinima kan kisan ƙare-dangin da aka yi wa Yahudawa a Turai. Ya sha faɗa cewa ya zauna kallon ne don ya ji daɗin ganin wahalar maƙiyinsa, sai ya tarar da kansa yana hawaye. Cikin Janairu 2007, bayan ya riga ya ajiye makami ya shiga aikin sulhu, wani ɗan sandan iyaka na Isra'ila ya harbi 'yarsa Abir, mai shekara 10, da harsashin roba a ƙeya, a kusa da makarantarsu a Anata. Hukuma ta rufe binciken ba ta tuhumi kowa ba. Sai a 2010 wata kotun Ƙudus, a ƙarar neman diyya, ta yanke cewa alhakin yana kan gwamnati.

Waɗannan mutum biyu sun yi shekaru suna yawo tare, makaranta-makaranta, ƙasa-ƙasa, kowa yana kiran ɗan'uwansa da ɗan'uwa. Shi Bassam har ya je Jami'ar Biradfod a Ingila ya yi digiri na biyu, ya rubuta kundinsa kan wancan kisan ƙare-dangi. A 2020 marubucin nan ɗan Ailan, Colum McCann, ya gina littafinsa Apeirogon a kan labarinsu.

To, mene ne ainihin aikin da ƙungiyar take yi? Babbansa shi ne shiga aji. Mutum biyu, Bayahude da Bafalasɗine, su tsaya gaban ɗaliban sakandare na Isra'ila waɗanda saura shekara ɗaya ko biyu a ɗauke su soja, kowa ya ba da labarin wanda ya rasa, sa'an nan a buɗe fagen tambaya. Abin ya yi kama da ƙarami, amma sai an san yanayin ƙasar za a gane nauyinsa. Tun daga boren 2000 doka ta hana ɗan Isra'ila shiga manyan biranen Falasɗinawa, akwai jajayen alluna a bakin hanya masu gargaɗin haka. Shi kuma Bafalasɗinen Gaɓar Yamma ba ya shiga Isra'ila sai da takardar izini daga soja. Saboda haka yaro ya kan girma bai taɓa yin magana da mutumin ɗaya ɓangaren ba, in ba soja a shingen bincike ko lebura a wurin gini ba. Ga yawancin ɗaliban nan, wannan ne karo na farko da suka ji Bafalasɗine yana kuka kan 'yarsa. Kuma da wuya ɗalibi ya ce wa mutumin da aka kashe wa ɗa bai san zafin abin ba. Wannan shi ne jarin ƙungiyar, kuma shi ya sa masu adawa da ita suka fi tsoron ta fiye da 'yan siyasa. A Agusta 2023 ma'aikatar ilmi ta Isra'ila ta cire ta daga jerin ƙungiyoyin da aka yarda su shiga makarantu, maganar ta kai har kotu.

Sun kuma yi wasu abubuwa na jan hankali. A 2002 sun jera akwatunan gawa sama da 1,000 a kusa da ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a Niyok, wasu lulluɓe da tutar Isra'ila, mafi yawa da ta Falasɗinu. A shekarar dai suka buɗe layin wayar tarho wanda kowa zai iya bugawa kyauta a haɗa shi da baƙo daga ɗaya ɓangaren, aka yi kira fiye da miliyan ɗaya a kansa. Wasu sun buga don su yi zagi, amma ko zagin ma da mutum aka yi shi.

Waɗanda suka ajiye bindiga

Ƙungiya ta biyu ta fito ne daga masu faɗan kansu. A Janairu 2002 wasu hafsoshi da sojojin ko-ta-kwana na Isra'ila suka sa hannu a takarda cewa ba za su ƙara yin aiki a yankunan da aka mamaye ba, a 2003 matuƙa jiragen yaƙi 27 suka bi sahu. A can ɗaya gefen kuma akwai tsofaffin fursunoni irin su Bassam da Sulaiman Khatib, wanda aka ɗaure tun yana da shekara 14, waɗanda suka koyi Ibrananci a kurkuku, suka kuma ga yadda yajin cin abinci yake samar musu abin da duwatsu ba su samar ba. A 2005 mutanen nan suka fara ganawa a ɓoye a wajen Baitalami, kowane ɓangare yana zaton tarko ne. A 2006 suka bayyana da sunan Combatants for Peace, watau mayaƙa masu neman zaman lafiya. Cikin waɗanda suka kafa ta har da Elik, yayan Smadar, wanda ya yi aiki a wata runduna ta musamman. Da aka kashe Abir, tsofaffin sojojin nan ne suka zo suka gina filin wasan yara a makarantarta.

Abin da ya fi jawo wa ƙungiyoyin biyu suna da baƙin jini shi ne taron tunawa da mamata. A Isra'ila ranar tunawa da sojojin da suka mutu tana da girma ƙwarai. Ana busa jiniya, motoci su tsaya a kan titi, kowa ya miƙe tsaye, washegari kuma a yi bikin samun ƙasa. A 2006 wani uba mai suna Buma Inbar, wanda ɗansa ya mutu a Labanan, ya kawo shawarar a yi wani taro a daren wannan rana inda za a tuna da mamatan ɓangarorin biyu a wuri ɗaya. Mutum kamar 200 suka halarci na farko. A 2023 an ƙiyasta kimanin 15,000 a wani dandali a Telabib. Sau da dama ministan tsaro yana hana Falasɗinawa izinin shigowa, kotun ƙoli tana soke hanin, a waje kuma masu zanga-zanga suna tofa wa iyayen mamata yawu suna kiran su maciya amana. Tun 2020 kuma ƙungiyar mayaƙan take shirya taro na biyu cikin Mayu don tunawa da Nakba, watau bala'in 1948 lokacin da Falasɗinawa fiye da 700,000 suka rasa gidajensu. A ganina wannan na biyun ya fi na farko wuya ga Bayahude, domin ana neman ya yi makoki a kan abin da aka koya masa yin biki dominsa.

A nan ɗalibin harshe zai sami abin dubawa. Mutanen nan ba su da ko kalmomin da suka yi tarayya a kai. Shekarar 1948 yaƙin 'yanci ce a Ibrananci, bala'i a Larabci. Wanda wannan ya kira shahidi, wancan ɗan ta'adda yake ce masa. Ƙasar da Falasɗinawa da sauran duniya suke kira Gaɓar Yamma, gwamnatin Isra'ila Yahudiya da Samariya take ce mata. Shingen da aka fara ginawa a 2002 kuwa, shingen tsaro ne a baki ɗaya, katangar wariya a ɗayan. Har ila yau Falasɗinawa da yawa sun iya Ibrananci don dole, ta hanyar ƙwadago ko kurkuku, Yahudawa kaɗan ne suka iya Larabci, saboda haka in ba a kula ba taron sulhun kansa sai ya koma harshen mai ƙarfi. Shi ya sa a ƙauyen Wahatus Salam, ko Nebe Shalom da Ibrananci, wanda wani limamin Kirista haifaffen Misira mai suna Bruno Hussar ya assasa a 1970 tsakanin Ƙudus da Telabib, aka kafa makarantar firamare a 1984 inda ake koyarwa da harsunan biyu. Ko a can ma ba a tsira ba. Da wani ɗan ƙauyen, Tom Kitain, ya mutu yana soja a haɗarin jirage masu saukar ungulu na 1997, an daɗe ana jayayya tsakanin maƙwabta kan yadda za a tuna da shi, ɗan gida ne ko sojan da aka tura Labanan.

Zama tare ko turjiya tare

Ba dukan Falasɗinawa ne suke ganin alheri a waɗannan tarurruka ba, kuma sukarsu tana da tushe. Suna kiran abin taɗbi'i, watau mayar da abin da ba daidai ba kamar daidai ne. Hujjarsu ita ce, in aka zaunar da mai mamaya da wanda aka mamaye a kan tabarma ɗaya aka ce kowa ya faɗi zafinsa, an nuna kamar faɗan 'yan'uwa ne da rashin fahimta ya haddasa, alhali ɗaya yana da soja da jirage da ikon ba da izinin tafiya, ɗayan ba shi da ko ɗaya. Bayan Oslo ƙasashen Turai da Amurka sun zuba kuɗi a shirye-shiryen haɗa mutum da mutum, aka yi ta cin abinci tare ana ɗaukar hoto, a daidai lokacin da matsugunan Yahudawa suke ƙaruwa a kan filayen Falasɗinawa. Masanin halayyar jama'a Gordon Allport ya riga ya nuna tun 1954 cewa cuɗanya tana rage ƙiyayya ne in an cika wasu sharuɗɗa, daga ciki har da daidaiton matsayi da goyon bayan hukuma. A nan kuwa in an tashi taro ɗaya ya hau motarsa ya bi titi sumul, ɗayan ya je ya yi layi a shinge.

Amsar da ta fi gamsar da ni ba daga ɗakin taro ta fito ba, daga gonar zaitun ta fito. Falasɗinawa suna da tsohon tarihin turjiya ba da makami ba. Mubarak Awad ya buɗe cibiyar nazarin wannan hanya a Ƙudus cikin shekarun 1980, Isra'ila ta kore shi daga ƙasar a 1988. A 1989 mutanen Bait Sahur suka ƙi biyan haraji, soja suka rufe garin makonni suna kwashe kayan gida da na shaguna. Amma misalin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne na Budrus, wani ƙauye mai mutum kamar 1,500 a yammacin Ramalla. A ƙarshen 2003 aka zo gina shinge ta hanyar da za ta raba ƙauyen da gonakinsa ta kuma tumɓuke itatuwan zaitun. Wani ɗan ƙauyen, Ayed Morrar, ɗan Fatah wanda ya sha ɗauri, ya haɗa kan 'yan Fatah da 'yan Hamas, ya kuma yi abin da ba a saba ba, ya gayyaci Yahudawa masu adawa da mamaya su zo su tsaya tare da su. 'Yarsa Iltizam, mai shekara 15, ta jagoranci mata, har ta faɗa cikin ramin da katafila take haƙawa ta zauna. Bayan zanga-zanga fiye da 50 cikin wata goma, aka janye hanyar shingen, ƙauyen ya tsira da kusan dukan ƙasarsa.

Amfanin Bayahude a irin wannan wuri a bayyane yake, ko da yake yana da ɗaci: soja ya fi jinkirin harbi in ya san akwai ɗan ƙasarsa cikin taron, jaridun Telabib kuma sun fi saurin bugawa. Watau gatan da ya raba su shi aka mayar garkuwa. A Bil'in an fara irin wannan fita kowace Juma'a a 2005, kotun ƙoli ta ba da umurnin a gyara hanyar shingen a 2007, ba a aiwatar ba sai 2011, kuma wani sashe ne kawai na ƙasar ya dawo. A tsakanin nan, cikin Afrilu 2009, gwangwanin barkonon tsohuwa ya sami Bassem Abu Rahma a ƙirji ya kashe shi. Ƙauyuka da yawa sun yi abin da Budrus ta yi, ba su sami komai ba.

Bayan Oktoba 2023

Ran 4 ga Oktoba 2023 mata Yahudawa da Falasɗinawa na ƙungiyoyi biyu 'yan'uwan juna suka yi jerin gwano a Ƙudus da bakin Tekun Gishiri suna neman shugabanni su koma kan shawara. Cikinsu akwai Vivian Silver, haifaffiyar Kanada mai shekara 74, wadda take cikin masu ɗauko marasa lafiya daga iyakar Gaza a motocinsu su kai su asibitocin Isra'ila. Bayan kwana uku Hamas ta kai harin da aka kashe mutum kimanin 1,200 aka sace wajen 250. An ƙone gidan Vivian a Be'eri, sai bayan mako biyar aka gane gawarta. Garuruwan da harin ya fi shafa suna cikin waɗanda suka fi yawan masu ra'ayin sulhu a Isra'ila. A yaƙin da ya biyo baya, ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ce waɗanda aka kashe sun haura 60,000 ya zuwa ƙarshen Yuli 2025, an rushe yawancin gidaje, yunwa ta shiga. Akwai Falasɗinawa cikin waɗannan ƙungiyoyi da suka rasa dangi masu yawa.

Gaskiya ita ce yaƙin ya mayar da aikin baya ƙwarai. An soke takardun izini, an rufe hanyoyi, ganawa ta koma ta intanet, wasu sun fice daga ƙungiyoyin a ɓangarorin biyu. Yawancin Yahudawan Isra'ila da yawancin Falasɗinawa ba sa tare da mutanen da muka ambata, kuma duk wanda ya ce shekara talatin na wannan aiki sun sauya siyasar ƙasar ya yi ƙari. Abin da ba a zata ba shi ne sababbin shiga. Maoz Inon, wanda aka kashe mahaifinsa da mahaifiyarsa a harin, ya fito cikin 'yan kwanaki ya ce ba ya neman fansa. Ya haɗu da Aziz Abu Sarah, wanda yayansa ya mutu sakamakon dukan da ya sha a hannun masu tsaron Isra'ila, suka tsaya tare gaban Paparoma Faransis a Berona cikin Mayu 2024. Yonatan, ɗan Vivian, ya bar aikinsa ya ɗauki na mahaifiyarsa. A watan Mayun dai, da masu tsattsauran ra'ayi suka riƙa tare motocin abinci masu zuwa Gaza suna zubar da buhunan a titi, 'yan ƙungiyar Standing Together, Yahudawa da Larabawa 'yan ƙasar Isra'ila, suka riƙa tsayawa a mashigar Tarƙumiya suna gadin motocin har suka wuce.

A Masafir Yatta, kudu da Halil, inda aka daɗe ana rushe gidajen makiyaya bisa cewa wurin filin atisayen soja ne, Basel Adra ɗan yankin da Yuval Abraham ɗan jaridar Isra'ila da abokansu biyu suka yi fim mai suna No Other Land, wanda ya ci kyautar Oska cikin Maris 2025. A Afrilun shekarar, wasu gungun mutane suka far wa wata majami'ar Yahudawa a Ra'anana inda ake nuna taron tunawa da mamata, sai da 'yan sanda suka fitar da mahalarta. Ran 28 ga Yuli kuma wani ɗan matsuguni ya harbe Awda Hathalin, malamin makaranta mai shekara 31 wanda ya taimaka wajen ɗaukar fim ɗin, a ƙauyensu na Ummul Hair. Shi ne ya saba karɓar baƙi Yahudawa masu zuwa kwana a ƙauyen don su zama shaida in an kawo hari. Hukuma ta riƙe gawarsa fiye da mako guda, sai da matan ƙauyen suka shiga yajin cin abinci kafin aka ba da ita aka yi jana'iza.